Buhun kwana ko ƙaramin tanti: wanne zan goya zuwa dajin Faro?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Bana an ɗauke ni aikin dako da bin sawu a ɗaya daga cikin yankunan farautar da gwamnati ke ba da haya a gefen gandun dajin Faro, ta wajen garin Poli a arewacin Kamaru. Za mu shiga farkon Janairu, mu fito ƙarshen Afrilu in Allah Ya kai mu. Akwai sansani mai ɗakuna, amma an gaya mini idan aka hau sawun ɓauna ko yamusa, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho dangin barewa, aka yi wa mota nisa, inda dare ya yi nan ake kwana, wani lokaci har kwana 2 ko 3. Kowa abin kwanciyarsa yana bayansa.

Jiya na shiga wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwar Garwa na ga abu biyu. Na farko buhun kwana ne irin na sojoji, wanda Faransawa ke ce wa sursak. Dogon buhu ne daidai tsawon mutum, ba sanda ba igiya, ka zura bargonka a ciki ka shiga ka ja zif. Na ɗora shi a sikelin mai nama, giram 900. Na biyu ƙaramin tanti ne na mutum ɗaya, cikinsa raga, samansa rufi mai hana ruwa, da sanduna 2 masu lanƙwasa, kilo 2 da ɗan ɗori. Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Zuciyata ta fi kwanta wa buhun, don ni ne zan goya ruwan tawaga. Me kuka gani?

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya sa albarka a aikin. Ni na fi shekara 40 ina shiga daji tsakanin Lagdo da Rai Buba, tabarma da bargo da wuta su ne ɗakina. Amma ba zan ce maka ka yi yadda muka yi ba, domin na binne abokan tafiya biyu da sarar maciji, dukansu kuwa a kwance abin ya same su. Abin da ke kashe mutum a dajinmu da dare ba ruwan sama ba ne, ba sanyi ba ne, abin da ke rarrafe ne a ƙasa. Duk wanda ka saya a cikin biyun, ka tambayi kanka ko yana rufe ka ruf har fuska.

Tsohon Soja:
Baba ya yi gaskiya, amma ƙanena ka sayi buhun. Na kwana a cikin irinsa watanni. Ga dalilina. Ku ba yawon buɗe ido za ku je ba, sawu za ku bi. Yamusa ba ta tsayawa, tana tafe tana cin ganye, sai ku wuni kuna binta rana ta faɗi ba ku cim mata ba. Lokacin da za a ce a tsaya, ƙafarka ba ta ɗaukarka, duhu ya yi. Wa ke da ƙarfin harhaɗa sanduna a lokacin? Buhu kuwa ka warware, ka shiga, minti ɗaya. Da asuba ka naɗe, kafin mai tanti ya zare sandarsa ta farko ka yi salla ka sha shayi. Kuma ko'ina yana shiga: ƙarƙashin dutse, tsakanin saiwoyi, gefen suri. Sannan ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kilon da ka rage a wajen kwana, ruwa ne ka ƙara. A watan Maris za ka san darajar wannan litar.

Na Pala:
Yallaɓai soja, a wane wata ka kwana a cikinsa, kuma a ina? Wannan ita ce tambayar. Ni daga Pala nake a nan Cadi, dajinmu da na Buba Njidda ɗaya ne, iyaka ce kawai ta raba. Na sayi irin wannan buhun shekara 3 da suka wuce. A Disamba da Janairu ban ga aibinsa ba, iskar hunturu ba ta ratsa shi, yana ƙara ɗumi sosai. Amma daren farko da na shige shi a ƙarshen Maris, kafin tsakar dare na fito tsamo-tsamo kamar an tsoma ni a rijiya. Na kwana a kansa maimakon a cikinsa, sauro ya yi yadda ya ga dama da ni, bayan kwana 10 zazzaɓi ya kwantar da ni. Ɗan Yelwa zai yi Maris da Afrilu a can. Da rana zafi yana haura digiri 40, ƙasa kuma tana riƙe zafin har dare ya raba. Buhun da ba za ka iya rufewa ba, ina amfaninsa?

Tsohon Soja:
Na yarda, yawancin kwanan da na yi a tsaunukan Mandara ne, lokacin sanyi. Amma buhu mai kyau yana numfashi, ba ledar shinkafa ba ce.

Malamin Lise:
Bari in sa baki a kan maganar numfashin nan, don a nan ake yawan ruɗewa. Yadin irin su Gore-Tex yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya shiga amma tururi yana fita. Sai dai tururin ba ya fita don kansa. Dole waje ya fi ciki sanyi da bushewa, sannan ya samu abin da zai tura shi. A hunturu, iska busasshiya ce kuma da sanyi, saboda haka abin yana aiki kamar yadda yallaɓai soja ya gani. Idan kuwa waje da ciki zafinsu ɗaya, ko ka kwanta kusa da kogi inda raɓa ke sauka, gumin jikinka nan zai tsaya ya koma ruwa a jikin yadin. Idan ka rufe kanka kana numfashi a ciki, abin ya ninka, domin numfashin mutum cike yake da tururi. Shi ya sa masu yin buhun da kansu suke cewa a bar baki da hanci a waje. To ka ga, in ka bar fuska a waje, mun dawo kan maganar Baba. Tanti shi ma yana tara raɓa, amma a jikin rufin sama take taruwa, ragar ciki ta raba ka da ita, iska kuma tana wucewa tsakaninsu.

Ɗan Yelwa, duba mana: wancan buhun yana da raga a wajen fuska?

Ɗan Yelwa:
Malam, ba shi da raga. Wata 'yar hula ce kawai da ake jawowa a rufe kai da maɓalli.

Maman Sadiya:
To ɗana, in ba shi da raga ni dai ban yarda ba. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na yi shekaru a asibitin karkara a yankin Mayo Rai, na ga abin da kububuwa ke yi. Ita ce wasu ke kira gobe-da-nisa. 'Yar ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai tsawon hannu ba, launinta launin ƙasa, da dare take yawo, kuma kwarin Binuwai gidanta ne. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai zo da ƙafarsa yana magana lafiya lau, gobe sai dasashi ya fara jini, fitsari ya koma ja, tsohon tabo ya buɗe. Maganinsa allurar kashe dafi ce, ita kuma ba a daji take ba. Ka lissafa tafiyar ƙafa zuwa mota, da tafiyar mota zuwa Poli, ko Garwa in abin ya yi tsanani.

In Allah Ya kiyaye abin ya faru ga wani a cikinku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a nufi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Ga kuma sauro. Kada ka ce rani ne. Inda dabba take nan ruwa yake, inda ruwa ya kwanta nan sauro yake, kuma saurayen zazzaɓin cizon sauro da dare suke aiki. Ko buhu mai raga ne, in ragar tana kwance a kan kumatunka ta cikinta zai cije ka. Tanti yana ɗaga ragar daga jikinka, wannan tazarar ita ce kariyar. Ka sayi tanti, uwa ce ke gaya maka.

Tsohon Soja:
Hajiya, maganarki a kaina take, ba na ja da ke a kan maciji. Amma akwai abin da masu tanti ba sa faɗa. Da ka shiga ka rufe, ka makance. Motsi kake ji ba ka san na mene ne ba, ba ka san ta ina yake ba. A buhu idonka yana waje, kunnenka yana waje, ka ga taurari ka ga inuwar duk abin da ya gitta. A dajin da ke da zaki da kura, ga kuma 'yan Adam da suka fi su, na fi son in ga abin da ke zuwa.

Mai Bin Sawu:
Yallaɓai, kana barci me za ka gani? Ni aikin da yaron nan zai fara shi nake yi shekara 14, a yankunan da ke tsakanin gandun Binuwai da Cholire. Kura ba ta shakkar mutumin da ke kwance a fili, kuma fuska take nema. Tanti a rufe kuwa, ko da yake yadi ne da farce ɗaya zai keta, dabba takan ɗauke shi kamar wani dunƙulallen abu ta kewaye. Ba na ce katanga ba ne. Amma wanda ke cikin buhu hannuwansa a ɗaure suke, kafin ya lalubo zif ya zaro hannu an daɗe. Gadin dare na mai gadi ne da wuta, ana yin sa bi da bi, ba na wanda ke barci ba.

Maganar makanta kuma tana da magani mai sauƙi, kuma ita ce amsar tambayar gaba ɗaya a ganina. Ɗan Yelwa, tantin nan kashi biyu ne ko? Daga Janairu zuwa wajen ƙarshen Maris, da ƙyar za ka ga ɗigon ruwa a can. Ka bar rufin sama a sansani. Ka ɗauki ragar ciki da sanduna kawai. Nauyin zai sauko kusa da na buhun, bambancin bai kai kwalbar ruwa ƙarama ba. Kana kwance kana ganin ko'ina ta cikin raga, iska tana ratsa ka, kunama da kwarkwasa da maciji suna waje. In hadari ya fara haɗuwa a Afrilu, don can kudu wajen Poli ruwa yana riga Garwa sauka, sai ka ƙara rufin a jaka. Haka muke yi.

Abu ɗaya ka tabbatar: tantin yana tsayuwa da kansa in an sa sanduna, ko sai an kafa turaku an ja igiya? In mai turaku ne ka bar shi. Ƙasar can da rani kamar siminti take, ga kashin tana da ya bushe ya zama ƙulli-ƙulli, ko tafiya a kai wahala ce. Turke ba ya shiga sai dai ya lanƙwashe.

Ɗan Yelwa:
Yaya, Allah Ya saka. Mai kayan ya kafa mini shi a kan siminti ya tsaya, har ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ke nan mai tsayuwa da kansa ne. Amma sanyin Janairu fa? Raga ba ta tare iska.

Na Gaundare:
Nan ne buhun yake da bakin magana. Mu nan Gaundare muna sama da mita 1,000, in ka hau irin su Cabbal Mbabo kuwa ka wuce mita 2,000, sanyin asuba har ƙashi. Ni zabi da fakara nake harbi da takardar ƙaramar farauta, kuma a kan tudu buhu nake ɗauka, ban taɓa nadama ba. Sauro kaɗan ne a can sama lokacin hunturu, iska ce abokiyar gaba, buhu kuma ya fi tanti iya iska don ba shi da abin da za ta kama. Amma Faro kwari ne, ba tudu ba. Sanyin can bargo mai kauri da hular sanyi sun ishe shi. Kuma ku sani yawancin sanyin da ke shiga jikin mai kwana a daji daga ƙasa yake tasowa. Buhu ko tanti, in ba ka da 'yar katifar soso a ƙarƙashinka za ka yi rawar ɗari. Ita ba ta da nauyi, ka ɗaure ta a bayan jaka.

Tsohon Maharbi:
Wannan gaskiya ne. Mu ganye muke tarawa mu shimfiɗa. Kuma ɗana, tunda an zo maganar wurin kwanciya, ka ji. Yashin mayo, wato kogi, da ya ƙafe yana da daɗin kwana, amma ka duba sawun dorina tukuna. Da dare take fitowa kiwo, hanyarta ɗaya ce, ba ta kauce wa kowa. Kada ka kwanta tsakaninta da ruwa. In ruwa ya fara sauka kuma ka bar cikin mayo gaba ɗaya, ana iya yin ruwa a kan dutse can nesa ya iso maka kana barci. Nama kada ya kwana kusa da kai, a rataye shi nesa ta inda iska ke tafiya. Takalmi ka shigar da shi ciki, in ka manta a waje ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa.

Mai Bin Sawu:
Baba ya tuna mini. Wannan ma wani abu ne da buhu ba ya yi: ba ya ɗaukar kaya. Takalmi, jaka, tocila, duk waje za su kwana, gara ta samu madaurin jaka kafin safiya. Wanda ke riƙe da bindiga kuma raɓa ta sauka a kanta, gobe tsatsa. A tanti komai yana gefenka, kana iya zama ka canza riga, ka cire ƙaya a ƙafa da fitila, ka duba kaska a jikinka. Da tsakar rana ma in an tsaya hutu, ragar tana raba ka da ƙudan tsando da waɗannan ƙananan ƙudajen masu shiga ido. Af, wane launi ne tantin? Tsando yana son shuɗi da baƙi. In da zaɓi ka ɗauki mai ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Ɗan Tuboro:
Ni tambayata daban ce. In mutum yana so ya shiga can ciki ya kwana ba tare da masu gadin daji sun gan shi ba, ai buhun ya fi ko?

Mai Kula da Zaure:
Ɗan'uwa, wannan zauren ba na wannan ba ne, kuma ina roƙonka kada ka sake kawo irinta. Cikin gandun Faro da Binuwai da Buba Njidda ba a farauta, ko da baka ce. Doka ta raba namun daji aji uku, A da B da C, na ajin A ba a taɓa su, na B sai da takarda, farautar dare da fitila kuma haramun ce a doka. Wanda ya manta abin da ya faru a Buba Njidda a 2012, lokacin da mahaya dawakai suka shigo suka kashe giwaye ɗaruruwa, to hukuma ba ta manta ba. Tun daga nan ake tura sojoji sintiri da rani. Mutumin da aka tarar a ɓoye cikin ciyawa a buhun soja da dare, ba za a fara da tambayarsa sunansa ba. Ga masu garkuwa da mutane da suka addabi yankinku, kai ka fi mu sani. Ɗan Yelwa yana da takardar aiki, yana cikin tawaga, ba shi da dalilin ɓuya.

Tsohon Soja:
A nan ina bayan shugaba ɗari bisa ɗari. Kuma ƙanena, in har buhun ka saya, in mai zanen kakin soja ne, za ka sha tambaya a shingayen hanya. Wannan ban faɗa ba da farko, ya kamata in faɗa.

Tela Mai Keke:
Ni ba maharbi ba ne, amma duk ƙarshen kakar farauta tantuna ake kawo mini gyara, don haka ga abin da zan ce kafin ka ba da kuɗi. Kayan gwanjo a hannu ake saye, ba da ido ba. Ka juya rufin ka shafa cikinsa. In yana danƙo, ko yana wari kamar amai, ko wani farin abu yana ɓarewa, maganin hana ruwan ya mutu, ba ya gyaruwa. Ka duba ɗinkin, akwai siririn tef da aka manna a kai, in ya ɗago ruwa zai bi ta nan. Ka ɗaga ragar a rana ka nemi huji, ƙarami ina iya facinsa. Sanduna ka duba bakin kowace gaɓa ko ta tsage.

Babban abin shi ne zif. Tanti da mataccen zif gidan sauro ne mai ƙofa a buɗe. Ƙurar hunturu da tokar ciyawar da aka ƙona su ke cinye shi. Ka tafi da tsohon buroshin haƙori kana goge shi, ka ɗan shafa kyandir, kada ka sa mai don yana kama ƙura. In ya fara buɗewa ta baya, yawanci kan zif ɗin ne ya saki, a matse shi kaɗan da filaya ya dawo. Sannan ka yanki bash, wato tamfol, daidai faɗin ƙasan tantin kana shimfiɗawa, domin kututturen ciyawar da wuta ta ci kamar ƙusa yake. Wuta kuma nesa, tartsatsi ɗaya huji ɗaya. Kada ka bar shi a kafe cikin rana ya wuni, rana tana cin yadin.

Maman Sadiya:
Ƙari a kan maganar wuta: komai sanyi kada ka shigar da garwashi ko risho cikin tanti ka rufe. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai mutum zai yi.

Ɗan Yelwa:
Na koma kasuwa yau da safe da gorar ruwa. Na kwara a kan rufin, bai zuba ba sai a kusurwa ɗaya inda tef ya ɗago. Ba danƙo, ba wari. Ragar tana da huji 2 ƙanana kusa da ƙofa. Na cire rufin na auna sauran, kilo 1 da giram 300. Launinsa kore ne mai duhu, babu wani. Na biya, har ya rage mini saboda hujin. Yallaɓai soja ka yi haƙuri ban bi taka ba.

Tsohon Soja:
Ba komai ƙanena, kuɗinka ne kuma bayanka ne. Ni har gobe in tudu zan hau da sanyi buhu zan ɗauka. Amma ka yi mini abu ɗaya: kafin ka tafi ka kafa shi a tsakar gida da dare ba fitila, ka naɗe, ka sake, har hannunka ya haddace. Kada ranar farko a daji ta zama ranar koyo, tawaga tana jiranka.

Na Pala:
Kuma ka kwana a ciki ko sau biyu, ka ji inda ke damunka tun kana gida.

Tela Mai Keke:
Ka kawo shi shago ranar Asabar bayan la'asar, ka haɗo da bash ɗin in yanka maka daidai. Hujin minti 10 ne. Kusurwar da ke zuba kuma sai na gani, in tef ɗin ne kawai akwai gam ɗin da ke kama shi.

Ɗan Yelwa:
In sha Allah Kawu, zan zo. Yaya mai bin sawu, katifar soson nan, ta santimita nawa kuke ɗauka? Na ga mai kauri da mai sirara, mai kaurin ba ta naɗuwa sosai.

Mai Bin Sawu:
Mai sirarar ta isa, wajen santimita 1. Ka yanke ta daga kafaɗa zuwa gwiwa, jakarka ta zama matashi, ƙafa kuma ka ɗora a kan rigar sanyi.